Lemun da Alwalarki Ta Raya

Zuwa ga mahaifiyata, Inna Rabi.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan Allah Ya sa kina kwance cikin rahamarSa, 'yarki Hadiza ce daga Gidan Rumji. Na san takarda ba ta isa inda kike. Mutane ne za su karanta, wasu ko sunanki ba su taɓa ji ba. To su karanta. Ni dai da ke nake, don in na yi maganar a gida rigima za ta zama.

Inna, itacen lemunki ya mutu, kuma ina jin tsoro zai tafi mana da Baba.

Ke kika ba mu labarin yadda kika taho da shi daga Gangara cikin gwangwanin tumatir, a kan cinyarki cikin mota, shekarar da Baba ya gina gidanmu na Agiye. Maƙwabta suka yi ta dariya, wai lemu a cikin wannan yashi. Mun taso mun tarar da shi ya fi katanga, kuma masu dariyar su ne ke aiko 'ya'yansu a tsinko musu na kunu.

Ban taɓa ganin kin kwara masa bokiti ba. Wani ɗan gurbi kika yi nesa kaɗan da gindinsa, nan kike tsugunawa da butarki duk lokacin salla, mu ma nan kike kora mu. Ganyen da ya zuba ba ya sharuwa. Ranar da na kai tsintsiya wurin, sai da kika biyo ni da muciya kina cewa, “Abincinsa ne kike sharewa, 'yar nema.” Mata suna gulmar wai gidan Rabi akwai shara a gindin itace, ke ko a jikinki.

Da idon Baba ya tafi, nan kika mai da shi. Kowace hantsi ki shimfiɗa masa tabarma, ki riƙo sandarsa har inuwar, ki tsinko ganye guda ki sa masa a hannu. Ya murje ya shaƙa, ya ce yau ma lafiya lau. Ba ku cika hira ba, ke kina tsintar wake, shi yana jan carbi, a haka rana take yi muku.

Yanzu bari in gaya miki abin da aka yi bayanki, kuma ki sani babu wanda ya yi da mugunta. Abin da ya fi ci mini rai ke nan.

Yaya Isuhu ya ga yadda 'yan gaisuwa suka sha ƙura a zaman makokinki, ya ce gidan uwarsa ba zai ƙara zama haka ba. Ya kawo magina suka malale tsakar gida da siminti tun daga zaure har bakin madafa. Gurbin alwalarki ma ya tafi ƙarƙashi. Suka zagaye lemun da dakali don baƙi su samu wurin zama, suka cika cikin dakalin da ƙasa, ta rufe jikin itacen har kusan gwiwar mutum. Aka yi wurin alwala sabo kusa da zaure, da bututu mai kai ruwa waje. Ruwan da lemun yake sha tun kafin a haife ni, yanzu agwagin unguwa ne ke wasa cikinsa.

Matarsa Sa'a kuwa, kin san ta da tsabta. Ganye bai isa ya kwana a ƙasa ba. Ta tara, ta haɗa da leda da shara ta kunna wuta a jikin dakalin, don nan ne iska ba ta ɗauka. Da ta ga itacen ya yi yaushi sai tausayi ya kama ta, duk ruwan wankin da ta gama, da omo da komai, nan take juyewa. Wai kada ya ji ƙishirwa.

Ganye ya fara rawaya. Yaya ya ce yunwa ce, ya sayo takin zamani ya zazzage masa tiya guda a gindi, tsakiyar bazara, ƙasa kamar garwashi. Bai gyaru ba, wani ya ce masa rassa ne suka yi yawa, aka sa adda aka yi masa aski. Sannan ragon layya ya zo, aka rasa wurin ɗaure shi sai jikin lemun. Kafin salla ya ɓare ɓawon gefe guda tas.

Da na zo yawon salla na ga ƙaro yana tsiyaya daga jikin lemun, wallahi Inna kai tsaye na nufi wurin Yaya. Kin san bakina. Na faɗa wa Yaya har abin da bai kamata ƙanwa ta faɗa ba, na ce ya yi wa itacen kabari tun yana da rai. Shi kuma ya ce ina can gidan mijina ina aiko da gaisuwa ta waya, shi ne ke ɗauke da gidan, in na fi shi sani in dawo in riƙe. Sa'a ta shige ɗaki tana kuka. Daga baya dai ya sa aka fasa dakalin, aka yaye ƙasar. Ɓawon da ke ƙarƙashi ya riga ya ruɓe, da yatsa yake saluɓewa.

Sai muka haɗa baki kada Baba ya sani. Yaya ya ɗaura buhuna a kan busassun rassan don rana kada ta taɓa shi. Sa'a kuma kullum ta leƙa gidan Malam Garba maƙwabcinmu ta tsinko ganyen lemunsu, ta sa masa a hannu yadda kike yi. Yana karɓa, ya murje, ya yi mata godiya. Muna ta murna dabara ta yi.

Zuwana na watan jiya ni na kai masa ganyen. Ya riƙe bai murje ba. Ya ce in zauna, ya sa aka kira Yaya. Ya ce tun ranar farko ya san ganyen gidan Garba ne, naki ya fi kauri. Ya ce tsuntsaye sun daina sauka tun bara, kuma buhu ba ya yin kukan ganye in iska ta taso. Ashe duk wannan lokacin yana lallaɓawa da butarsa ya yi alwala a gindin, ko Allah zai sa a dace. Na tambaye shi me ya hana shi magana tun ana zuba siminti. Ya ce yaro yana yi wa uwarsa hidima yana kuka, da wane baki zai ce masa ya bari.

Sannan ya ce, “Ku sare shi, amma kada a kai shi murhu. Ku yanka daidai faɗin kabari ku ajiye mini. Inuwar Rabi na saba da ita.”

Inna, Yaya Isuhu, ƙaton mutumin nan, ya durƙusa a kan simintinsa yana kuka kamar yaron goye.

Shi ya sare da hannunsa, bai yarda kowa ya taɓa ba. Itacen yana bayan ɗakinki, an jera shi a kan duwatsu saboda gara. Na samo wani ɗan dashen lemu a kasuwar Gidan Rumji na kai, Yaya ya fasa siminti da faɗi, na yi gurbi irin naki. Baba ya shafa ganyen ya sa mana albarka, ya ce jikoki za su sha inuwa. Amma ko sau ɗaya bai yi alwala wurin ba.

Sa'a ta ce mini abincinsa ya ragu ƙwarai, fura ma sai an yi da gaske. Tabarmarsa ya sa an mai da ita bayan ɗakinki. Kowace hantsi yana lalube da sanda har wurin itacen nan, ya bi guntayen ɗaya bayan ɗaya da hannu, ya tabbata gara ba ta shiga ba, sannan ya zauna. Yanzu duk lokacin da waya ta yi ƙara na ga sunan Yaya, sai na yi salati kafin in ɗauka.

Innata, ina kewarki. Ina kewar ƙarar butarki da faɗanki da muciyarki. Da kina nan da kin daka mana tsawa guda, kowa ya shiga hankalinsa.

Allah Ya jiƙanki, Ya haskaka makwancinki, Ya sa duk wanda ya sha inuwar itacen nan ko ya matsa lemunsa a kunu ya zame miki sadaka mai gudana. Allah Ya sanyaya zuciyar Yaya Isuhu. Baba kuma, Allah Ya ƙara bar mana shi ko da kaɗan ne. Na san wurinki yake son zuwa, Inna, amma mu ba mu shirya ba.

Taki har kullum,
Hadiza