Ƙarfe Shida, In Ji Yaya Claudette

Detroit, 9 ga Oktoba, 1990

Ƙanwata Earline,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya. Ya aiki, ya mutanen Memphis? Sau biyu ina kiran ofishinki ba na samunki, shi ya sa na ɗauki biro.

Albishirinki! 'Yarki Renita za ta yi aure. Yaron nan ne dai Lamont, ɗan gidan Whitfield, mai dogon wuya kamar zalɓe, amma yana da hankali. Sun ƙi coci, sun ƙi zauren biki, wai su a jirgin ruwa za a ɗaura musu. Yaran zamani! An sa Asabar, 19 ga Janairu, a Miami. Fasto zai ɗaura da ƙarfe ɗaya na rana jirgi yana tsaye a tasha, ƙarfe huɗu ya tashi da mu, kwana bakwai a teku.

Tunda sayar da tikitin tafiya sana'arki ce, ke za ki shirya mana komai. Renita da dangin ango tun Alhamis za su tafi. Ni kuwa ba zan rufe shagona na gyaran gashi ranar Juma'a ba, kin san ranar ce mata suke cika mini kujeru, kuma kan matar magajin unguwarmu ba ya yarda da hannun kowa sai nawa. Ki samo mini jirgin sama na safiyar Asabar. Ai zan isa a kan lokaci, ko? Ke kika san waɗannan abubuwa, abin da kika ce shi zan bi.

Don Allah kada ki sa wannan koriyar rigar taki. Ki huta lafiya.

Yayarki,
Claudette

Memphis, 15 ga Oktoba, 1990

Zuwa ga Inna Ozella,

Bayan gaisuwa da girmamawa, ina fatan ƙugun ya yi sauƙi, kuma ruwan Mobile bai sake shigo miki ɗaki ba.

Na san kin ji labarin auren Renita. Inna, yarinyar nan shekara huɗu ta yi a gidana tana karatu, ni da ban haifa ba ita ce tawa. Na yi murna har na yi hawaye. Amma ki ji abin da uwarta ta rubuto mini. Wai in faɗa mata lokacin da za ta isa tashar jirgin ruwa. Ni! Na karanta layin nan na ajiye takardar, na yi dariya har abokiyar aikina ta zaci wani abu ya same ni.

Ke ƙanwar Mama ce, kina cikin jirgin ruwan nan shekara takwas da suka wuce, lokacin da aka kai ta yawon cikarta saba'in. Ni nake wanke Mama, ni nake ba ta magani. Yaya Claudette ta ɗauke ta suka yi gaba a jirgin sama, ni na biyo bas saboda ban samu hutu da wuri ba. Ta bar mini takarda a kan teburin kicin, da rubutunta: jirgi zai tashi ƙarfe shida. Kwana biyu ina zaune a bas, ƙafafuna sun kumbura. Na sauka Miami ƙarfe biyu, na ce da sauran lokaci, na shiga wani gidan abinci na wanke fuska, na ci kaza, har na sayo wa Mama furanni. Ƙarfe huɗu da minti ashirin na isa tasha. Jirgin ya riga ya bar bakin gaɓa, yana ta busa ƙaho, mutane a sama suna ɗaga wa waɗanda ba su sani ba hannu.

Da suka dawo Mama ta ce mini, "Ko ranar nan ɗaya ba ki iya ba ni ba, Earline." Wata biyar bayan haka ta rasu, ba ta janye maganar ba.

Yaya ta ce kuskure ne, huɗu ta so rubutawa. Ta ce ƙawarta Bernadine rakiya kawai ta je, da aka ga ban zo ba sai aka ba ta gadona don kada ya tafi a banza. Shekara takwas ina juya wannan magana. Saboda ita na koyi wannan aiki, kuma ban taɓa barin mai sayen tikitina ya tashi ranar da jirginsa zai bar tasha ba. Kowa sai ya kwana a garin, ko ya je wani ofishin.

Inna, kina wurin. Ki faɗa mini tsakani da Allah, kuskure ne?

'Yarki,
Earline

Mobile, 24 ga Oktoba, 1990

'Yata Earline,

Na amsa gaisuwa, Ubangiji ya yi miki albarka. Ƙugu yana nan yadda kika san shi, likita ya hana ni tafiya mai nisa, saboda haka bikin nan sai dai ku kawo mini hoto.

Ke yarinya, me ya kai ki tonon kabari? Uwarku ta tafi, ku biyu kuka rage. Claudette tun tana rarrafe ba ta son raba kwano da kowa, haka Allah ya yi ta. Ni kaina ranar nan da na ga Bernadine tun sha biyun rana tana jan akwatuna uku, da tikiti a hannu mai lambar ɗakinku, na san akwai magana. Amma na kama bakina don a zauna lafiya, kuma ga shi an zauna. Ke ma ki yi haka.

Kuma kada ki ce uwarki ba ta damu ba. A jikin ƙarfen jirgi ta tsaya tana duban tasha har ƙasa ta ɓace. Sai da na ja ta da ƙarfi. Kwana biyu ba ta ci abin kirki ba, tana cewa ko mota ce ta buge ki. Da Claudette ta ce mata ai kin fasa ne saboda aiki, sannan ta daina tambaya.

To kin ji. Na faɗa miki don zuciyarki ta huce, ki san an so ki. Ki yafe. Ki shirya wa yayarki tafiyarta yadda kike shirya wa baƙi. Mai gina ramin mugunta an ce ya gina shi gajere, ni kuwa na ce kada ma ki ɗauki fartanya.

In za ki aiko hoton, ki haɗo da man zafin nan na shafawa, na nan garin ruwa ne zalla.

Innarki,
Ozella

Memphis, 2 ga Nuwamba, 1990

Yaya Claudette,

Gaisuwa da fatan alheri. Allah ya sanya albarka a auren, ya ba su zaman lafiya.

Na gama komai. Ga tikitinki a cikin ambulan. Za ki tashi daga Detroit ranar Asabar ƙarfe bakwai da minti arba'in na safe, ki sauka Atlanta ki canja jirgi. Minti talatin da biyar ne tsakani, ya ishe ki. Sha biyu da kwata kina Miami, daga nan tasi ce kawai zuwa tasha.

Kin tambaye ni ko za ki isa a kan lokaci. Kwantar da hankalinki, Yaya. Ki yi Juma'arki a shago, ki gyara kan matar magaji da kyau. Ai kin san ba zan rubuta miki abin da ba haka ba.

Koriyar rigar na ba da ita.

Ƙanwarki,
Earline

A teku, 21 ga Janairu, 1991

Inna Ozella,

Ina gaishe ki. Zan jefa wannan a akwatin wasiƙa in mun tsaya San Juan. Babu hoton da zan aiko miki, ki zauna kafin ki karanta.

Akwatuna uku, Inna. Tun sha biyun rana. Kin so ki kashe wuta sai kika zuba mata mai.

Akwai jirgin sama da ke tashi daga Detroit ƙarfe shida na safe, kai tsaye zuwa Miami, kuma akwai kujera. Ban ba Yaya Claudette shi ba. Ranar Juma'a da rana ina otal a Miami na ga mai hasashen yanayi a talabijin yana cewa dusar ƙanƙara za ta rufe Michigan kafin safiya. Akwai jirgin yamma a ranar, da na kira shagonta da ta samu. Na ɗaga wayar, na danna lambobi huɗu na farko, na mayar na ajiye. Na sauka na sha lemo.

Ranar Asabar ni ce ta farko a layi, ƙarfe sha ɗaya ina cikin jirgi. Ni na sa wa Renita rigarta, ni na ɗaura mata mayafi. Ƙarfe ɗaya aka taru, babu uwar amarya. Ɗaya da rabi aka kira filin jirgi, aka ce jirginta ya makara awa biyu a Detroit, na Atlanta ya tafi ya bar ta, an sa ta a na gaba.

Har uku ta wuce, Fasto yana ta duban agogo, don shi ba matafiyi ba ne, dole ya sauka kafin uku da rabi. Uwar ango ta matso ta ce, "'Yar nan, a ɗaura kawai, in ta zo ta ga hoto. Abinci yana hucewa."

Renita ta ce, "Ba a ɗaura mini aure Mama tana sama."

Sai wani kawun Lamont, mai yawan tafiya da yawan baki, ya ce, "Ni dai ina so in ga jakin da ya bi da mace ta Atlanta a watan Janairu, ranar auren 'yarta. Wane ofishi ne wannan?"

Renita ta juyo ta dube ni. Na manta, Inna, wallahi na manta cewa ta yi hutu guda tana taya ni aiki a ofis. Da bakinta take gaya wa mutane su je su kwana a garin.

Ta ce, "Anti, babu jirgin ƙarfe shida a ranar Asabar?"

Na ce, "Uwarki ce ta ce safiyar Asabar take so."

"Ba shi na tambaye ki ba. Akwai na shida ko babu?"

Na ce, "Je ki tambayi uwarki ƙarfe nawa ta rubuta mini lokacin yawon Kakarki."

Ta cire mayafin da na ɗaura mata ta ajiye a kan kujera. Ta tattare rigarta ta nufi ƙofar fita. Uwar ango tana ihu, ma'aikacin jirgi yana ce mata in ta sauka ba dawowa. Lamont ya tsaya yana raba ido tsakanin uwarsa da ita, sannan ya bi ta a guje, ko jakarsa bai ɗauka ba. Suna sauka aka janye gadar hawa jirgin.

Na hau can sama na tsaya a jikin ƙarfe. Ƙarfe huɗu aka kwance igiyoyi. Da kwata sai ga tasi ta tsaya, ga Yaya Claudette ta fito da hularta ruwan hoda, takalmi ɗaya a hannu, tana gudu tana ɗaga wa jirgi hannu kamar zai ji kunyarta ya dawo. Ba zan yi miki ƙarya ba, Inna. Na ji daɗi. Na ji shi har tafin ƙafata. Na ɗaga mata hannu da kyau, na tabbata ta gan ni.

Sai Renita ta fito daga rumfa da farar rigarta ta rungume ta. Yaya tana nuna ni da yatsa. Renita ba ta ɗago kai ba ko sau ɗaya.

Yau kwana biyu ke nan. Mutum ashirin da shida na gidan Whitfield suna cikin jirgin nan, babu mai zama teburina. An yanka kek ɗin an raba wa baƙin da ba su san amarya ba. Kada ki ce in nemi gafarar Yaya, ba zan nema ba. Ki dai gaya mini in Renita ta kira ki.

'Yarki,
Earline

Detroit, 4 ga Fabrairu, 1991

Earline,

Ina fatan kin sauka lafiya.

An ɗaura auren ranar Talata a kotu, a Miami. Ni da direban tasi muka yi shaida. Renita ta sa rigarta, ta yi kyau. Sun kama gida, ta ce kada in ba ki adireshin. Ni ma sai da na amsa mata tambayoyi kafin ta bar ni na shiga kotun, kuma tun da muka dawo ba ta taka shagona ba.

Abin da na gaya mata shi zan gaya miki. Shida na rubuta, kuma na san huɗu ne. Kullum Mama sai Earline ta yi, Earline ta ce. Na so in same ta mako ɗaya ni kaɗai. Ban samu ba, sunanki ta yi ta kira.

Na faɗi nawa. Renita ta ce ba za ta karanta wasiƙarki ba sai kin faɗi naki, a rubuce, ba tare da kin ambaci sunana a ciki ba. In kin rubuta ki aiko ta shago, zan kai mata ban buɗe ba.

Ko kin yarda da hakan, ko ba ki yarda ba, ya rage naki.

Claudette