Notin da Baba Ya Tsallake

Nakuru, 14 ga Yuli

Zuwa ga Yayata Nyaguthii,

Gaisuwa mai tarin yawa daga ƙaninki, da fatan takardar nan za ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da maigidanki Kibuchi da yara. Ubangiji ya ƙara miki ƙarfin aikin asibiti, ya tsare ku a can Kanada. Mu nan da sauƙi. Gwiwar Mama ta lafa har ta koma cikin mawaƙan coci, matata Mukami kuma cikinta ya shiga wata shida, ba ta son komai sai gasasshiyar masara. Na san za ki yi mamakin ganin wasiƙa alhali duk Lahadi muna waya. To, a waya bakina ya riga ya saba yi miki ƙarya, shi ya sa na ce bari in gwada alƙalami.

Maganar Baba ce. Duk ranar da kika tambaye ni jikinsa na ce miki garau yake, ba gaskiya na faɗa ba. Kin san al'adarsa a gareji: kowa na iya kwance inji ya wanke ya goge, amma ɗaure kan inji nasa ne shi kaɗai, shekara arba'in ke nan. Noti goma, daga tsakiya zuwa gefe, zagaye uku, yana ƙirgawa da ƙarfi, ko tari ka yi sai ya harare ka. Wata tara da suka wuce na ga ya tsallake ɗaya bai sani ba. Da ya tafi gida cin abincin rana na ɗauki sifanar da ke auna ƙarfin ɗauri na bi bayansa na gyara. Tun daga ranar haka nake yi, don mantuwar ƙaruwa take. Masu mota su zo su yi ta yabon hannun Fundi Kamotho, wato gwani Kamotho kamar yadda suke kiran Baba, yana murmushi, ni kuma ina gefe ina jin ni ɗa ne na gari.

A watan jiya wani mai tseren mota, Kiptanui, ya kawo mana motarsa mai turbo, na'urar nan da ke tura wa inji ƙarin iska, yana so a sake mata kan inji a ƙara mata ƙarfi. Mako uku muna kanta. Muka kai kan injin aka goge fuskarsa ta yi sumul, muka faɗaɗa hanyoyin iska, muka sa manyan bawul da gasket na ƙarfe, wato shimfiɗar da ke toshe tsakanin kan inji da jikinsa, da sabon turbo da ya kusa ninka na da. Inji irin wannan ba ya yafe kuskure. Ranar ɗaurewa Kiptanui ya zo da abokansa, kowa ya ɗaga waya, suna tsokanata wai yau za su ɗauki hoton tsohon hannu, ba irinmu da muka koyi kanikanci a bidiyo ba. Baba har sabuwar rigar aiki ya sa. A zagaye na uku ya ɗaure noti na shida, ya sake komawa kansa ya kira shi bakwai, ya wuce zuwa na takwas. Na gani, Yaya. Da idona na gani. Na dubi mutanen nan da wayoyinsu, na dubi fuskarsa, na ce a raina bari dai rana ta yi ya tafi cin abinci in gyara.

Sai ga shi ranar Baba ya ƙi tafiya gida. Ya aika aka sayo masa dafaffen wake da masara, ya ci a tsaye, wai ba inda za shi sai ya ji muryar yarinyar nan, wato motar. A gabansa muka rufe komai, injin ya tashi, aka yi ta tafi. Kiptanui ya ce zai ɗan gwada ta a hawan dutsen Menengai ya dawo. Makullin yana hannuna. Kalma ɗaya ta isa, in ce a bari sai gobe, amma da Baba ya tambaye ni dalili me zan ce? Na miƙa masa.

Ba a yi awa ɗaya ba aka jawo motar da igiya. Gasket ya ƙone, ruwa ya shiga mai ya koma kamar shayi da madara, kan injin da muka sha wahala a kansa ya lanƙwashe. Mun gode Allah ba wanda ya ji rauni. Kiptanui da kansa ya sa sifana ya samu notin, sannan ya fito tsakiyar layi yana ɗaga murya, wai tsoho idan ya gaji ya koma gida ya yi kiwon kaji, wai ashe suna ne kawai ya rage. Rabin kanikawan da suka fito kallo Baba ne ya koya musu riƙe sifana. A nan ma da na ce ni na taɓa notin daga baya, da zagin ya dawo kaina. Ban ce ba, tsoro na ji. Garin neman gira na rasa ido, kuma kunyar wannan ba ta bar ni ba har yau.

Baba ya wanke hannu ya tafi gida a ƙafa, kwana uku bai leƙo gareji ba. Ran na huɗu da safe na same shi a gida zaune a gindin bishiyar fiya. Ya tambaye ni ko na ga lokacin da ya tsallake notin, na ce na gani. Ya tambaya ko wannan ne karo na farko, na faɗa masa komai. Sai ya ce ashe wata tara yana karɓar yabon aikin wani. Ya ce da ɗansa ya kunyata shi a cikin ɗaki, da ya fi masa a kan baƙo ya yi a titi. Wai ni da ya koya wa kada in taɓa rufe inji a kan kuskure, na rufe ubana a kan nasa. Bai yi faɗa ba, Yaya, da ma ya yi.

Yanzu ni kaɗai nake sake aikin Kiptanui, Mama kuma ta samo ranar ganin likita, Talata mai zuwa. Ki yafe mini. Ke kika san ciwon mantuwar nan, da na faɗa miki tun farko da kin gaya mana abin yi, amma na cinye muku wata tara, ke da shi.

Mama tana gaishe ki, haka Mukami da Gwaggo Nyakio. Ki gaida Kibuchi, ki shafa mini kan Wacera da Ndiritu. Baba bai ba da gaisuwa ba, saƙo ya bayar, kuma shi ya sa ni rubuta wannan takarda. Ya ce kada ki jira baɗi kamar yadda kika tsara, ki zo Kirsimetin bana, tun yana iya gane ki daga bakin ƙofa ba sai an gaya masa ko wace ce ba.

Ni ne ƙaninki mai neman gafararki,
Gatheru