Kujerar Baba a Ajin Safe

Litinin, 6 ga Oktoba

Umma ta kira ni ina tsaka da naɗe tabarmi. Wai Baba zai fara zuwa ajina ranar Laraba. Na ce wane Baban? Ta ce Baba nawa gare ka.

Mutumin da shekara uku ke nan yana kiran aikina "sana'ar miƙa". In baƙi suka tambayi me Auta yake yi, sai ya ce ai yana koya wa mutane abin da kyanwa take yi in ta tashi daga barci. Yanzu shi ne zai zo.

Dalilin dai na sani. Wata biyu da suka wuce ya zame a banɗaki. Bai karye ba, amma ya kasa tashi. Ya fi awa ɗaya a kan tayil mai sanyi, sai da Umma ta kira maƙwabci suka ɗaga shi. Kafinta na shekara arba'in, wanda yake saɓa ƙofa shi kaɗai ya hau bene da ita. Tun ranar bai ƙara zama a ƙasa ba, ko salla a kujera yake yi. Likita ya ce in bai motsa jikin nan ba, daga kujera sai gado.

Abu ɗaya yake so, in ji Umma: ya sauka ƙasa ya tashi ba da hannun kowa ba. Ni dai da bakinsa ba zai taɓa gaya mini ba.

Ajin safe ne, bakwai da rabi, na tsofaffi, mutum tara. Malama, mai wurin, ita ta koya mini yoga, motsa jikin nan na miƙa da numfashi, ita ta ɗora mini su, wai za su koya mini haƙuri. Har yanzu ina jira.

Laraba, 8 ga Oktoba

Ya zo. Da wandon fita, da agogo, da biro a aljihun gaba, kamar mai zuwa shaida a kotu. Ya zaɓi can baya kusa da taga.

Tela ya gane shi nan take, ashe Baba ne ya taɓa yi masa teburin yanka. Tela ya fi kowa surutu a ajin, wuyansa ya ƙage saboda keke amma bakinsa lafiya lau. Ya ce, "Kafinta, ashe kai ma ka shigo hannun ɗanka? Ka shirya, ba ya wasa." Baba ya ce, "Mun zo mu ga Malam Auta." Har Hajiya mai ciwon gwiwa ta ɗauka. Kafin a tashi kowa Malam Auta yake ce mini.

Ban san yadda ake ba uba umarni ba. Kowa ina ce masa ɗaga hannu, saki kafaɗa. In na zo kansa sai in ji ina cewa, "A ɗan ɗaga hannu. A ja numfashi." Kamar mai sanarwa a tasha.

Bayansa kamar katakon da ya kwana a ruwa ya bushe. Na sa masa kujera a gaba ya riƙa dafawa. Ya dafa da yatsa biyu, yana kallon taga.

A kwanciyar ƙarshe, da kowa ya miƙe a tabarma ya rufe ido, shi yana zaune a kujera ido buɗe yana duba rufin ɗakin. Na tabbata ya samo laifin wanda ya yi shi.

Juma'a, 10 ga Oktoba

Ya dawo. Bai ce da daɗi ba, bai ce babu daɗi ba. Ya cire agogon dai.

Litinin, 13 ga Oktoba

Zan rubuta gaskiya tunda ba mai karantawa.

Da muka zo sunkuyon gaba na ce, masu ciwon baya ku dafa kujera, ku tsaya a rabi, kada wanda ya wuce nan. Na faɗa sau biyu. Sannan ni na sunkuya har goshina ya taɓa ƙwaurina, tafin hannu a shimfiɗe a ƙasa. Na daɗe a haka fiye da yadda ya kamata. Ta tsakanin ƙafafuna nake hango shi a madubi yana kallona.

So nake ya gani. Na bar makaranta ina ɗan shekara goma sha biyar, kowa ya ce na lalace. Littafin ƙasusuwa da jijiyoyi da na tsinta wajen mai tsofaffin littattafai, wanda ba shi da bango, sau uku na karance shi da ƙamus a gefe. Babu tsokar da ke bayan mutum da ban san sunanta da inda ta kama ba. Wa ya taɓa tambayata? To ga shi, ya gani da idonsa.

Na ƙara musu da tsayuwar ƙafa ɗaya, ɗayar a bayana har sama. Ba ta cikin darasin.

Laraba, 15 ga Oktoba



Sunkuyon gaba. Na ce a dafa kujera. Na sunkuya irin nawa. Sai na ji ƙarar kujera a kan siminti. Na ɗago, Baba ya ture ta gefe da ƙafa, ya sunkuya gaba ɗaya, gwiwa a miƙe, yana neman ƙasa da yatsunsa. Daidai yadda na yi. Sai wani ɗan sauti ya fito masa ta hanci, ya tsaya a haka, ba gaba ba baya.

Ni da Tela muka tallafe shi muka zaunar. Ya riƙe hannun Tela, nawa ya kauce masa.

Nan bakina ya riga ni. Na ce, "Ban ce ka dafa kujera ba? Kurma ne kai? Sau nawa zan faɗa?" A gaban mutum tara. Ga ubana.

Hajiya ta sunkuyar da kai tana gyara bakin tabarmarta da ba abin da ya same shi. Baba bai dube ni ba. Ya ce wa Tela, "Samo mini mota."

Alhamis, 16 ga Oktoba

Likita ya ce tsoka ce ta ja, ba ƙashi ba, kwana goma a huta. Umma ce ta gaya mini a waya, a gajarce.

Malama ta kira ni ɗakin ajiya, inda ba wurin tsayuwa sai tsakanin barguna da guntayen katakon da ake dafawa. Ashe ranar tana bakin ƙofa. Ta ce me ka ce musu? Na ce su dafa kujera, sau biyu ma, a tambayi kowa. Ta ce me ka yi?

Ta ce mutum in yana tsaye a tabarma kunnensa ba ya aiki, ido kawai. Abin da malam ya yi shi za a yi, balle namiji mai shekara saba'in da ɗansa a gabansa. A ajin tsofaffi malam shi ke yin mafi ƙanƙanta, ya fi kowa dafa kujera. Wai shekara ashirin rabonta da taɓa yatsun ƙafarta a gaban aji.

Na ce ai don ba ki iya ba ne yanzu. Ta ajiye kofin shayinta, ta naɗe biyu kamar wuƙar aljihu, ta ɗago, ta ɗauki kofinta. Shekararta sittin da uku.

Na kawo mata maganar littafi, shafi da shafi. Ta ce littafin ya taɓa samun uba?

Na fita na buga ƙofa. Ƙofar nan irin mai komawa a hankali ce, sai ta bi bayana tana rufuwa sannu sannu kamar tana ba ni haƙuri. Ko fushin kirki ba a barin mutum ya yi a wurin nan.

Asabar, 18 ga Oktoba

Na je gida. Yana kwance ta gefe, filo tsakanin gwiwoyi, fuska ga bango, rediyo a kunne. Na gaishe shi ya amsa wa bangon.

A kicin Umma tana yanka albasa ba ta dube ni ba. Ta ce ranar Litinin da ya dawo ya tare maƙwabci a bakin ƙofa yana ba shi labari, wai Auta ya naɗe kamar ba ƙashi a jikinsa, wai duk ajin shiru ake yi in yana magana. Ta ce washegari ta kama shi a ɗaki yana gwadawa a jikin gado, ya ce mata ai shi ya haifi Auta, daga wajensa ya samo.

Na ce albasar nan ta yi ƙarfi. Ta ce fita mini daga kicin.

Litinin, 20 ga Oktoba

Na koyar da kujera. Daga farko har ƙarshe, dafe da ita kamar mai jiran layin asibiti. Rabin sunkuyo, gwiwa a lanƙwashe. Hajiya ta ce, "Malam Auta, yau tsufa ya kama ka ne?" Tela ya ce a nemo mini sanda.

Abin haushin shi ne Hajiya ta yi darasin gaba ɗaya ba ta zauna ba ko sau ɗaya. Wata takwas tana zuwa, bai taɓa faruwa ba. Kuma na ji Tela yana numfashi. Ashe duk watannin nan riƙe shi yake yi yana ƙoƙarin kamo ni.

Malama ta wuce ta bakin ƙofa, ta leƙo, ta ci gaba da tafiyarta. Da ta ce wani abu da ya fi mini sauƙi.

Juma'a, 24 ga Oktoba

Wurinsa kusa da taga ba kowa. Ba wanda ya shimfiɗa tabarma a can, ban kuma ce kada a shimfiɗa ba.

Asabar, 25 ga Oktoba

Yau da hantsi na rufe ɗakina na koyi tashi daga ƙasa. Ni da nake miƙewa ba hannu, ban taɓa sanin yadda ake yi ba.

Na ɗaure allon yanka a bayana da bel biyu don kada ya lanƙwasa, na goya jakar littattafai, na kwanta. A mirgina gefe. A tokare da gwiwar hannu. A koma rarrafe. A rarrafa zuwa kujera, a dafa. Duk wannan da sauƙi. Wahalar tana wajen kawo ƙafa ɗaya gaba a dasa ta. Nan mutum yake maƙalewa, nan tsoro yake. Sai na gane in ka ware gwiwar gefe kaɗan, ka kamo idon sawun da hannu, tana zuwa. Ba littafin da ya faɗi haka. Sau talatin na yi, har mai ɗakin ƙasa ya hawo ya tambaya ko lafiya.

Awa ɗaya a kan tayil. Sai yau na yi tunanin me yake tunani a awar nan.

Lahadi, 26 ga Oktoba

Na same shi zaune a falo yana feƙe fensir da aska, ko da yake ba abin da zai zana. Na zauna a ƙasa kusa da ƙafarsa. Maganar da na shirya a hanya, mai sassa uku, duk ta gudu. Na ce, "Baba, a yi haƙuri. Bakina ne." Ya ce, "Na san bakin. Na san inda ka samo shi."

Ya ci gaba da fiƙa. Can ya ce, "Kujerar taku rawa take yi. Shi ya sa na ture ta. Ba zan dafa abin da ke rawa ba."

Kujerar ba ta rawa. Ni nake jera su kullum, na san kowace. Na ce, "Haka ne, Baba, tana ɗan yi."

Laraba, 29 ga Oktoba

Ya dawo, Tela na biye da shi ɗauke da kujera a ka. Tasa ce, wadda ya yi tun kafin a haife ni, nauyinta kamar firji. Tela ya sauke yana haki, ya ce wuyan da ya yi wata shida yana gyarawa ya koma jiya.

Na dafa tawa, ya dafa tasa. Da tafin hannu biyu.

Litinin, 10 ga Nuwamba

Sati biyu muna gwiwa ɗaya a kan bargo, a taso. Gwiwa ɗaya, a taso. Duk ajin nake sa su yi, don kada a ce don shi ne. Hajiya ta gane, ta ƙifta mini ido. Na yi kamar ban gani ba.

Laraba, 19 ga Nuwamba

Lokacin kwanciyar ƙarshe, ina rage fitila, na juyo na ga kujerarsa ba kowa. Ya sauka. Yana kwance a tabarma, ido rufe, hannu a kan ciki. Ban san lokacin da ya yi ba. Minti goman nan ban ji numfashin kowa ba sai nasa.

Da lokaci ya cika kowa ya tashi zaune, shi yana kwance. Tela ya yunƙuro zai miƙa masa hannu, na girgiza masa kai. Na jawo tabarma kusa da tasa na kwanta. Na mirgina gefe, ya mirgina. Na tokare, ya tokare. Rarrafe. Ya kai kujerarsa ya dafa, na dafa ta kusa.

Sai ƙafar ta ƙi zuwa. Ya gwada, ta dawo. Ya sake. Gumi yana ɗiga daga haɓarsa a kan katakon. Bakina cike da magana, har sunan tsokar da ta riƙe na sani. Na haɗiye. Na ware gwiwata gefe a hankali, na kamo idon sawuna, na kawo ƙafar rabi, na tsaya nan. Ban dube shi ba. Ban san minti nawa ba.

Na ji tafin ƙafarsa ya taka ƙasa. Kujerar ta yi ɗan kuka. Sai ga inuwarsa a kaina.

Ba wanda ya tafa, Allah ya saka musu. Ya karkaɗe gwiwar wandonsa, ya gyara biron aljihunsa, ya dubo ni ƙasa ya ce, "Kai kuma me kake jira, Malam? Ko a ba ka hannu?"

Na ɗan daɗe a durƙushe a gabansa kafin na tashi. Ƙafata ce ta sage, ba wani abu ba.