Na Jiƙa Terfas Kamar Gero

Zuwa ga mahaifiyata, Umma,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa irin ta 'ya ga mahaifiyarta, ina roƙon Allah ya sa kina cikin ni'ima a makwancinki. Ni ce Nafisa. Na san wasiƙa ba ta isa inda kike, amma kin san ni da nauyin baki, abin da na kasa faɗa sai in rubuta.

Muna nan a gidanmu na unguwar Faisal, hawa na huɗu. Shekara biyu ke nan da rasuwarki, har yau Abba bai dawo da cin abinci ba. Ciwon sugansa ya ƙaru, rigunansa sun yi masa yawa. A watan jiya likita ta ce in ramar ta ci gaba za ta kwantar da shi a asibiti. Duk abin da kika koya mini na dafa. Loma biyu yake yi, ya ce alhamdu lillahi, ya ture kwano.

Kin tuna Hajiya Sa'a, Bahaushiyar Sudan ta hawa na biyu, wadda kuke musayar daddawa da ita? Ƙaninta yana tuƙa babbar mota a hanyar garin Matruh. Bayan ruwan da aka yi cikin sanyin bana ya kawo mata wani abu da ake tonowa a hamada, ta aiko mana da rabin kwali. A can terfas suke ce masa, Abba kuma ya ce a littattafansu sunansa kam'a. In kin gan shi za ki ce dankali ne mai tsage-tsage, amma dangin laimar kwaɗi ne, a ƙarƙashin yashi yake girma, ba ganye ba saiwa.

Na fere guda huɗu, na soya da albasa, na zuba a miyar kuka. Umma, Abba ya cinye tuwonsa, ya miƙo kwano a ƙara. Na shige kicin na tsaya, don kada ya ga fuskata.

Washegari na jira duk 'yan ajinmu suka fita, sannan na tambayi malamarmu ta kimiyya. Ta ce yana da sinadarin gina jiki da mai ƙara jini, yana taimakon narkewar abinci, ga shi ba maiƙo ba zaƙi sosai. Ta ja mini kunne cewa abinci ne, ba ya maye gurbin magani, likitar Abba ma haka ta ce. Abin da ya tayar mini da hankali shi ne lokacinsa 'yan makonni ne, wata shekarar ma in ba a yi ruwa ba, ba ya fitowa.

Ga laifina. Kullum kikan ce, "Kada a tauna tsakuwa a abincin 'yata." Shi kuwa terfas duk tsagarsa cike take da yashi. Sai na juye sauran gaba ɗaya a roba, na jiƙa shi kamar gero, na canja ruwa sau uku, na ƙulle a leda na sa a firij, ina jin na yi abin yabo. Bayan kwana uku na buɗe. Ya yi yauƙi, yana wari. Fiye da rabi ya tafi kwandon shara. Ranar na yi wa Abba miyar kuka zalla, ya koma lomarsa biyu.

Kin san ban taɓa ƙwanƙwasa ƙofar kowa ni kaɗai ba. Sau biyu ina sauka ina dawowa daga bakin ƙofar Hajiya Sa'a. A na uku na buga. Na faɗa mata komai, kaina a ƙasa. Ta yi dariya har tana riƙe ciki, ta kira ni sarauniyar tsafta, ta ce ma'alish, wato ba komai. Sannan ta ce, "'Yata, ɗan hamada ne, ba a yi masa wanka sai ranar da za a ci shi."

Ta zaunar da ni ta nuna mini. Busasshen buroshi ake sawa a kaɗe yashin. Wanda za a ci cikin mako a naɗe shi a takarda, ba a leda ba, a sa a firij, a riƙa canja takardar in ta yi danshi. Wanda za a ajiye a fere shi, a ɗan tafasa, a tsane, a sa a firiza. Sauran a yanka fale-fale a busar a inuwa. Ta buɗe firij ɗinta ta ɗebo mini daga nata kason, na ce a'a, ta ce khalas, magana ta ƙare, ba ni take bai wa ba, Malam take bai wa, wato Abba.

Da ta ambaci busarwa na ga ashe wannan na iya. Haka kike yi wa kuɓewa. Na ciro faifanki daga saman kabad, na shimfiɗa yankan a baranda, na rufe da farin mayafi saboda ƙurar titi. Kullum kafin in tafi makaranta sai na juya su, in na dawo in sake. Jiya sun bushe har sun fara yin ƙara a hannu. Na raba su ƙulli-ƙulli, kowane ƙulli na miya ɗaya. Ba za su kai mu baɗi ba, amma za su ja mu tsawon watanni in na yi hankali, kuma zan yi.

Da la'asar ɗin yau na tarar da Abba a baranda ya ɗaga mayafin, yana juya su da kansa. Da na zo wucewa sai ya tambaye ni ko da miyar kuɓewa ma zai yi daɗi. Tun tafiyarki bai taɓa tambayar abin da za a dafa ba.

Jibi za mu koma wurin likita. Ban san abin da ma'auni zai nuna ba. Amma gobe kuɓewa zan kaɗa, kuma zan zauna kusa da shi har ya gama.

Allah ya jiƙanki, Umma, ya yalwata kabarinki, ya bai wa Abba lafiya, ya saka wa Hajiya Sa'a da alheri. Amin.

'Yarki mai kewarki,
Nafisa