Ƙyandar da ta laɓe a kanki

Zuwa ga 'yata Hadiza,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa irin ta uwa da ɗiyarta, ina fata kina cikin rahamar Ubangiji. Innarki ce, daga ɗakinmu na Limancin Kona.

Kina aji uku, zamanin mulkin soja, na ga rubutunki ya fara karkacewa. Da yake ni ma malamar firamare ce, na ɗauka wasa ne ya yi miki yawa. Sai kofi ya riƙa suɓuce miki, jikinki yana zabura kamar an tsikare ki. Kakarki ta ce iska ce. Aka yi hayaƙi, aka yi jiƙe-jiƙe. Kina sha kina cewa, "Inna, da ɗaci," amma ba ki taɓa zubarwa ba.

A asibiti suka lanƙwasa ki, suka ɗebi ruwa a ƙashin bayanki. Ni na riƙe ƙafafunki. Muka yi ta jelen sakamako ni da babanki, har direbobin tasi suka san mu.

Likita ya ce ƙyandar da kika yi kina goye ce. Mu mun ga ta warke, har na yi sadakar ƙosai. Ashe a ƙwaƙwalwa ta laɓe. Ya ce ruwan nan cike yake da sojojin da jiki ke haɗawa don yaƙar ƙyanda, yawansu ya wuce misali. Suna ta faɗa, sun kasa cim mata, kuma faɗan ne ke kumbura ƙwaƙwalwar. Na tambaye shi magani. Ya ce, "Malama, sai haƙuri."

Magana ce ta fara ɗauke miki, sai ƙafa, sai ido. Na bar aiki. Na koma goya ki ƙafafunki na dukan gwiwata, ina ɗura miki kunu da cokali, ina juya ki kada bayanki ya yi gyambo. Na gaji, Hadiza, gajiyar da barci ba ya cirewa. Ke da jikinki bai daina yaƙi ba, ban san irin taki ba.

Ranar da kika cika, mata suka yi ta cewa kin huta. Na amsa musu. Amma har yau, in an kira azahar, sai in tsinci kaina a madafa da cokali a hannu.

Allah Ya haskaka kabarinki, Ya sa ciwon ya zama kaffara, Ya haɗa mu inda za ki tarbe ni da ƙafafunki.

Taki,
Inna