Ɓawon Abarba a Gidan Nicanor

Loma Bonita,
Litinin, 12 ga Mayu, 1986.

Zuwa ga tsohuwata Herminia,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina fata kina lafiya, sanyin Puebla bai tayar miki da ciwon gwiwar nan ba. Yaya Eloísa da ƙarfin jiki, yaya jaririn? An ce hancina ya ɗauko. In haka ne, to ya gode wa Allah. Ki gaida uban yaron.

Nan gida lafiya, sai dai Baba. Ban so in gaya miki ba, don kada ki baro 'yarmu da ɗanyen jego, amma Otilia ta ce in ban rubuta ba ita za ta rubuta. Kin san ƙanwar tawa, kafin ta kai ƙarshen takarda ta binne shi.

Tun da aka sallamo shi daga asibiti bai ci abin kirki ba. Ciwon ƙirjin ya tafi, amma mutumin ya juya wa bango fuska. Romon kaza, kunun masara, wake, duk sai ya damƙe baki. Likita ya ce idan ya dawo mako mai zuwa bai ga canji ba, asibiti za a mayar da shi a zura masa roba ta hanci. Baba ya ji. Ya ce duk wanda zai mayar da shi can ya biya ya sayi akwatin gawa a hanya, kada a yi tafiya biyu. Kin san ba ya faɗa don wasa.

Jiya dai ya buɗe baki don kansa. Ya ce, "Da tepachen uwarku zan samu, da na sha." Tun rasuwar Mama ba wanda ya sake jiƙa wannan abin sha na abarba a gidan nan. Na ce masa ya ɗauka ya samu.

Otilia ta zabura za ta je kasuwa neman ɓawon abarba, na ce ta zauna. Ai na san da ɓawo Mama take yi, ba baƙo ba ne ni. Amma me ya sa? Saboda tsokar ta masu kuɗi ce. Ni ne nake raka ta bayan kamfanin sa abarba a gwangwani, muna tsintar abin da suka zubar, ina ɓoye fuska kada 'yan ajinmu su gan ni. Yau mutumin da ya fara da injin walda na aro, har ya kai rabin ƙofofin garin nan aikinsa ne, ba zai shayar da ubansa shara ba.

Na zaɓi abarba mafi kyau, na fere ta tas, ɓawon na aika wa aladun maƙwabta. Na sa farin sukari maimakon mazarƙwailar nan mai ƙasa-ƙasa. Na tafasa komai saboda ƙwayoyin cuta, mutum mara lafiya ne. Randar Mama kuwa, in kin ga cikinta ba za ki yarda a sa abin sha ba. Sai na ƙera tanki na farin ƙarfe a shago, da famfo, da murfi mai roba wanda ko iska ba ta shiga. Da kin gan shi da kin yi alfahari da mijinki.

Kada ki damu, komai yana hannuna. Ki sumbatar mini jikana.

Naki,
Nicanor.

Loma Bonita,
Juma'a, 16 ga Mayu, 1986.

Herminia tawa,

Bayan gaisuwa, da fatan ku duka kuna lafiya, mai jego tana samun barci. Ki zauna kafin ki karanta, amma ba mugun labari ba ne. Ko ni ban san sunan da zan ba shi ba.

Jiya da hantsi na buɗe famfon tankin. Ruwa ya zubo garau, rawaya, ba kumfa, ba ƙamshin komai sai na alewa. Na ce wataƙila haka mai tsabta yake. Na zuba a kofin gilashi na kai wa Baba da kaina. Otilia ta tallafo kansa, ya kurɓa, ya riƙe a baki, sannan ya tofar mini a kan takalmi.

Ya ce, "Wannan maganin tari ne ko me?"

Na ce tepache ne, Baba, na zalla, ba ɓawo ko ɗaya a ciki.

Herminia, mutumin da ya yi makonni bai ɗaga kai daga matashi ba, sai ga shi zaune. Ya ce, "Ina ɓawon?" Otilia, Allah ya shirye ta, ta ce, "Yaya ya ba aladu." Ya dube ni ya ce, "To aladun sun fi ni sa'ar ɗa."

Na so in yi masa bayani, ya ce, "Ranka ya daɗe Don Nicanor, sarkin ƙofofi, yi mini shiru. Kana tsammani don babu uwarka take sa ɓawo? Ran abin a jikin ɓawon yake, sakarai! Ka kashe shi da wuta, ka kulle gawar a akwatin ƙarfe, ka kawo mini ta'aziyya a kofi." Ya ce a ɗauko masa sandarsa da wandonsa. Na ce likita ya hana shi tashi. Ya ce likitan ya zo ya hana shi da kansa.

Mu biyu muka riƙo shi zuwa tsakar gida, bai fi nauyin buhun gawayi ba. Muka zaunar da shi ƙarƙashin mangwaro. Ya sa aka fito da randar Mama. Na ɗauko sabulu, ya kai mini sanda, saura kaɗan ya same ni. Ruwa zalla ya ce a ɗauraye ta da shi, wai baƙin da ke cikinta ya girme ni kuma ya fi ni amfani.

Sai ya aike ni kasuwa. Ni, ba Otilia ba. Ya ce in sayo abarba nunanniya, in kuma tsaya wurin masu yankawa in roƙo ƙarin ɓawo. Na je da motar shago, da sunana rubuce a jikinta. Mai abarbar ta ce, "Don Nicanor, kiwo ka fara?" Na ce mata eh, tsohon bijimi ne guda, ga taurin kai. Ba zan ɓoye miki ba, da na ɗauko buhun nan yana ɗiga a kafaɗata, kunya ta kama ni. Amma ban sunkuyar da kai ba.

Yana zaune yana ba da umarni, na zuba ɓawon da zuciyar abarbar, na fasa mazarƙwaila da guduma, na jefa kirfa da kanumfari. Na miƙa hannu ga murfi, ya ce, "Ƙyalle! Abu mai rai kake so ka toshe wa hanci? Kai ma likita ne?"

Ga abin da ya sa na ce ki zauna. Da la'asar ya ƙi komawa ɗaki, wai in ya juya baya zan tafasa masa randa. Otilia ta ce to ai ba ya iya gadi da yunwa. Ya harare ta, ya ce ta kawo romon nan nata mara gishiri. Ya sha rabin kwano. Na shiga shago na kunna injin niƙa ƙarfe ba tare da aikin komai ba, don kada su ji ni.

Ki sa mu a addu'a. Randa ba ta ce komai ba tukuna.

Mijinki,
Nicanor.

Loma Bonita,
Alhamis, 22 ga Mayu, 1986.

Tsohuwata abar ƙaunata,

Ina gaishe ki, ina gaida Eloísa da maigidanta da ƙaramin mai hancina. Na ga saƙonki ta hannun direban bas. Kwance kayanki, ba sai kin taho ba.

Randa ta yi magana. Da safiyar Asabar Baba ya kira ni, ya ce in sa kunne. Wani ɗan sauti take yi, siririn tsiii, kamar ruwan sama na nesa. Ya ɗaga ƙyallen, farin kumfa ya rufe saman, ƙamshin ya bugi fuskata. Herminia, ƙamshin siket ɗin Mama ne. Na tsaya riƙe da ƙyalle kamar wawa har ya ce in rufe kada ƙuda su shiga.

Kullum sai ya ɗanɗana da cokalin katako ya ce da saura. Ni dai hankalina yana kan likita, shi kuwa ko a jikinsa. Amma mai gadi dole ya ci. Daga romo ya koma ƙwai, daga ƙwai ya koma wake da gurasar masara, yana ci yana zagin girkin Otilia, ita kuwa tana murna kamar yabonta yake.

Ranar Lahadi bayan an taso daga coci ya ce abin ya yi, in an ƙara kwana zai koma tsami. Na tace, na sa ƙanƙara, na zuba masa a kofin ƙasa, don ya ce gilashin nan na masu ciwo ne. Ya shanye, ya miƙo, na ƙara. Na tambaye shi yaya. Ya ce, "Bai kai na uwarka ba. Amma ana sha." Shekaruna hamsin da ɗoriya, ban taɓa samun yabo irin wannan daga bakinsa ba.

Likita ya zo jiya. Ya tarar da shi ƙarƙashin mangwaro yana fere abarba da wuƙarsa, ya auna shi, ya ce maganar asibiti a bar ta. Baba ya ba shi kofi guda, ya ce ya sha ya ji yadda magani yake.

In kin duba da kyau, ni na tashe shi. Da na yi daidai tun farko, da a kwance zai sha ya koma ya juya wa bango fuska. Na faɗa wa Otilia haka, ta yi dariya har ta zauna a ƙasa. Ke dai na san za ki fahimta.

Yanzu an jiƙa randa ta biyu. Tsokar abarba ta yi mana yawa, ma'aikatan shago sun ci har suna kukan harshe. Tankina kuwa bai tashi a banza ba, a kansa Baba yake zama, ya ce tsayinsa daidai ne da bakin randa, wai wannan ne aikin kirki na farko da na ƙera.

Ya ce in gaya miki a kawo yaron nan a yi masa baftisma, shi zai jiƙa abin sha na taron, kuma ba ya son taimakon kowa sai ɗan aiken ɓawo. Gobe da safe ma zan koma kasuwa.

Ki kula da gwiwarki. Gidan ba daɗi ba ke.

Naki har kullum,
Nicanor.