Ganuwa ta bi ta gidan Kawu

Daren Laraba, Gwammaja

Yau na gama dasa ganuwa a wasan tuƙa jirgin sama na kwamfutata, daga Ƙofar Ruwa har Ƙofar Dawanau, yadda take kafin gine-gine su cinye ta. Da na tayar da jirgin na leƙa ƙasa, sai na ga ta ratsa tsakiyar gidan Kawu Sani. Ashe a kanta ya yi gini. Na goge gidan.

Bayan la'asar ya shigo, na nuna masa. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Sojoji sun zo sun tafi ba su rushe ni ba, sai kai, ɗan ƙanwata?"

Na mayar masa da gidansa. Ganuwar na yanke, kamar yadda shi ma ya yi.